Hutun Ista a ƙasar inabi, da direban da ba ya sha

A Afirka ta Kudu hutun Ista yana da tsawo, domin Juma'a hutu ce, Litinin ma hutu ce, ga Asabar da Lahadi a tsakani. Wanda ke karatu ko aiki a Cape Town ya san tun da sauran wata guda ake fara tambayar juna inda za a nufa. A ɗan zauren da muka buɗe a WhatsApp mu shida ne: ni, da wani mutumin Jos da muke sashe ɗaya a jami'a, da matarsa, da wani likita Bayarabe, da wani Badamagare, sai wata 'yar ƙasar wadda iyayenta ke zaune a Paarl. Ita ta kawo shawarar a zagaya yankin gonakin inabi, wato Stellenbosch da Franschhoek da garinsu, inda ake yin giyar da ƙasar take alfahari da ita.

Badamagaren bai ɓata lokaci ba, ya ce a cire sunansa. Na kira shi na ce ni fa gona zan je gani, ban ruwa nake karantawa, kuma ƙanen mahaifina yana noman inabi a Hunkuyi. Ya ce, “Malam, na yarda da kai, amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.” Ban yi masa gardama ba, kuma har yau ban ce shi ne bai yi daidai ba. Abin da na yi shi ne na shata wa kaina iyaka, na kuma faɗa wa sauran tun kafin kowa ya biya sisi. Ba zan zauna a teburin da ake zuba giya ba. Kuɗin karo-karo za a raba shi aljihu biyu, na mota da masauki da abinci daban, na sha daban, kuma ba ruwana da na biyun. Kwalbar da wani ya saya ba za ta shiga motar da nake tuƙawa ba, gonakin suna aika wa mutum kayansa har gida idan ya biya kuɗin dako. Mutumin Jos ya yi dariya ya ce, “Oga, in dai za ka riƙe sitiyari, ko sharaɗi goma ne mun sa hannu.” Dama abin da suke nema ke nan. 'Yan sandan hanya a can suna tare motoci a lokacin hutu su sa direba ya hura na'ura, kuma wanda aka kama ya wuce ƙa'ida a ofishinsu zai kwana.

Matar mutumin Jos muka naɗa ma'aji. Ita ta nemo mana gidan haya mai kicin a gefen Stellenbosch, don cin abinci a gidajen abincin yankin safe da yamma sai mai ƙwarin aljihu. Ni aka bar wa hayar mota da nama. Kamfanin haya yana riƙe wani kuɗi a katin mutum har sai ya dawo da motar lafiya, saboda haka kafin in tayar da ita na zagaye ta da waya na ɗauki hoton kowane ƙwarzane. Nama kuwa a Athlone na saya, unguwar da mahautan Musulmi suke da yawa, na haɗa da sabuwar ragar gashi. Duk gidan haya a ƙasar nan yana da murhun gashin nama a tsakar gida, amma ba ka san abin da baƙon jiya ya ɗora a kan ragarsa ba.

Safiyar Juma'a muka kama hanya. Tafiyar kilomita 50 ce ko kusa da haka, ba ta kai awa ɗaya ba. Lokacin kaka ne a wajensu, domin yanayinsu a juye yake: ruwan sama a watannin Yuni zuwa Agusta yake sauka, cikin sanyi, rani kuma daga Disamba ne. Ana tsinkar inabi daga ƙarshen Janairu zuwa farkon Afrilu, don haka mun tarar an kusa gamawa, ganye ya fara komawa rawaya da ja a gindin duwatsu. Gonaki da dama ba sa buɗewa ranar Juma'ar Ista, sai muka bar wa garin wannan ranar.

Stellenbosch tsohon gari ne. Gwamnan Turawan Holan, Simon van der Stel, shi ya kafa shi a 1679 ya kuma laƙaba masa sunansa, kuma bayan Cape Town babu garin Turawa da ya girme shi a ƙasar. Titin Dorp cike yake da fararen gidaje da manyan itatuwan da suka haɗe kai a sama, ga ruwa na gudu a 'yar magudana a gefen titi. Na bar su a nan suna ɗaukar hoto, na tafi Juma'a. Masallacin yana tsakiyar gari, gine-ginen jami'ar garin sun kewaye shi, abin da ya ba ni mamaki har na tambayi wani dattijo da muka fito tare. Ya tsaya yana gyara takalmi ya ce da can nan unguwarsu ce, ana kiranta Die Vlakte. A 1964 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana ta a matsayin ta farare zalla, aka kwashe mutane zuwa Cloetesville da Idas Valley a bayan gari. Gidaje suka tafi, masallaci ya tsaya. Ya nuna mini wani wurin ajiye motoci da haɓarsa ya ce a nan aka haife shi.

Da dare mahaifiyar abokiyar tafiyarmu ta aiko mana da kifin da mutanen Cape suke ci a wannan rana, wanda ake jiƙawa cikin ruwan tsami da albasa da kori ya kwana biyu, a ci shi da sanyinsa da burodi mai zaƙi. Likita ya yi loma ɗaya ya nemi barkono.

Ranar Asabar ce ranar da na zo dominta. Mun kama wuri tun da wuri a wata gona da ke kan hanyar Helshoogte, wadda take hawa dutse daga Stellenbosch ta gangara wajen Franschhoek. Tsarin kusan iri ɗaya ne a ko'ina: a zagaya da ku cikin gona, a shiga da ku inda ake sarrafawa, sannan a zaunar da ku a kawo kala biyar ko shida ku ɗanɗana. Wanda ya zagaya da mu mataimakin manajan gonar ne, kuma da ya ji abin da nake karantawa sai ya saki jiki.

Ya tsinko mini ragowar wani nono da masu girbi suka tsallake. 'Ya'yan ƙanana ne ƙwarai, ɓawon da kauri, ƙwallaye a ciki, amma zaƙinsu ya fi na inabin da muke saya a kasuwa nesa ba kusa ba. A nan na ga bambancin noman nasu da namu. Baffana a Hunkuyi so yake ɗan inabi ya yi ɓul-ɓul ya cika ido, saboda a kilo zai sayar, don haka ruwa da taki ba ya yi musu ƙwauro. Su kuma da gangan suke ƙuntata wa itacen. Robar ban ruwa tana bin kowane layi tana ɗiga a gindi, amma idan 'ya'ya suka ƙulla sai a rage ruwan, itacen ya ɗan wahala, ɗan ya tsaya ƙarami, zaƙi da launi su taru a ciki. Suna ma yanke wasu nonnan tun suna kore su zubar don sauran su yi kyau. Na ce a raina in Baffa ya ga wannan sai ya yi salati.

Ya durƙusa ya nuna mini wani ƙulli a gindin itacen, kamar taɓon tsohon rauni. Kowane itace a gonar biyu ne aka aura: saiwar irin Amurka ce, saman na Turai. Dalili kuwa wani ƙwaro ne mai cin saiwa da ya shigo Cape a 1886 ya kusa gamawa da gonakin, kamar yadda ya yi a Faransa, kuma saiwar Amurka ce take jure masa. Sai batun barci. A can sanyin hunturu yana sa itacen ya zubar da ganye ya kwanta, a yi masa aski sau ɗaya, ya farka da bazara. A wajenmu babu wannan sanyin, manomi ne yake tilasta masa hutu da almakashi. Mutumin ya yi ta tambayata yadda ake yi, har sauran suka gaji suka yi gaba.

Ɗakin sarrafawa sanyi ƙalau, manyan tankunan ƙarfe a jere, wari kuma irin na gasarar da ta kwana. Inji yana raba 'ya'ya da tsinke ya murƙushe su. Yis yana cinye sukarin da ke cikin ruwan ya mayar da shi barasa, iska tana fita. Ruwan baƙin inabi ma fari ne, jan launin daga ɓawo yake zuwa, shi ya sa ake barin ɓawon a ciki kwanaki ana dannawa idan ja ake so. Daga nan sai ganguna na katako masu cin lita 225 ko 300, inda za ta yi watanni. Iyakar abin da ya raba ruwan inabin da na sha a ranar da abin da suka sha ke nan: nawa an dafa shi an rufe kafin yis ya taɓa shi.

Da aka zo zaman ɗanɗano na ja kujera ƙarƙashin wata bishiya can gefe, aka kawo mini ruwan wani inabi mai ƙanshi da suke kira hanepoot, da cuku da zaitun. Ina jiyo su. Yarinyar da ke zuba musu tana cewa a juya kofi, a shinshina, wai za a ji ƙanshin gwaiba da na jiƙaƙƙen dutse. Ta kawo Pinotage ta ce wannan nasu ne na gida, wani malamin jami'ar Stellenbosch mai suna Abraham Perold ne ya haɗa iri biyu ya fitar da shi a shekarun 1920. Ta ajiye ɗan bokiti a tsakiyar tebur ta ce masana kurɓa suke yi su tofar. Mutumin Jos ya ɗaga murya yadda zan ji, “Malam, ka ji almubazzaranci! Na biya kuɗi kuma in tofar?” Bokitin nan haka ya koma a bushe.

A bakin ƙofar gonar akwai wata 'yar farar hasumiya da ƙararrawa a rataye, mutane suna tsayawa a ƙarƙashinta suna hoto. Ƙararrawar bayi ce, da ita ake tashinsu aiki. An kawo bayin farko masu yawa Cape a 1658, aka matse inabin farko a watan Fabrairun 1659, kuma tun daga nan abubuwan biyu tare suka taho har aka soke bauta a 1834. Daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indunisiya aka riƙa kwaso su. Ƙauyen Pniel da muka ratsa a gangaren dutsen, 'yantattun bayi aka kafa wa shi a 1843. Yarinyar mai zuba giya ba ta ambaci ko ɗaya daga cikin wannan ba, kuma ban ga laifinta ba, abin da aka ce ta faɗa take faɗa.

Franschhoek kwari ne da duwatsu suka rufe ta gefe uku. Faransawa 'yan Furotesta da suka gudo daga ƙasarsu saboda addini aka zaunar a nan daga 1688, kuma har yau gonaki suna ɗauke da sunayen Faransanci, iyalai kuma irin su Du Toit da De Villiers jikokinsu ne, ko da yake harshen ya mutu a bakinsu tun da daɗewa. Garin titi ɗaya ne mai tsada. Akwai wani ɗan jirgin ƙasa na 'yan yawon buɗe ido da ke bin tsohon layin dogo yana sauke mutane gona-gona, sai na zuba su a ciki na sami kaina. Na hau hanyar da ta haye dutsen bayan garin, mai lanƙwasa kamar ba za ta ƙare ba, gwaggon biri zaune a kan shingen titi suna jiran wanda zai bar gilashi a buɗe. A ɗaya gefen dam ɗin Theewaterskloof yake, mafi girma cikin waɗanda ke shayar da Cape Town. A farkon 2018 ya kusa ƙafewa, har aka ƙayyade wa kowane mutum a birnin lita 50 a rana, manoma kuma aka yanke musu kaso mai yawa na ruwansu. Na yi la'asar a bakinsa na juyo.

Na tarar da su a tasha sun yi gona uku a jere. Likita yana ta yi wa wani Bajamushe bayanin siyasar Najeriya da ƙarfi, matar mutumin Jos ta ɓata rai saboda mijinta ya yi odar katan guda ba da shawararta ba. Gona biyu a yini ta isa, ta ukun ba ɗanɗano ake yi ba. A mota ba wanda ya ce uffan sai ni da rediyo.

Lahadi da safe ma'auratan da likita suka tafi coci, ni kuma na bi kwatancen dattijon masallaci na sayo wani soyayyen fulawa mai kirfa da citta da ake tsomawa a ruwan sukari a barbaɗa kwakwa, wanda Musulmin Cape suke karyawa da shi ranar Lahadi. Da hantsi muka nufi Paarl. A kan hanyar, tsakanin gonaki, akwai ƙofar wani gidan yari da yanzu ake kira Drakenstein, da can Victor Verster. Ta wannan ƙofar Nelson Mandela ya fito ranar 11 ga Fabrairun 1990 bayan shekara 27 a tsare. Watanninsa 14 na ƙarshe a wani gida ya yi su a cikin harabar. Gidan yarin yana aiki har yanzu, mun tsaya a waje kusa da mutum-mutuminsa, ga mata da ledoji a hannu suna jiran shiga ziyara.

Mahaifin abokiyarmu tsohon malamin makaranta ne, amma a gona aka haife shi. Bayan an ci abinci ya lura ban taɓa kwalbar da ke ɗaya teburin ba, sai ya ce shi ma bai taɓa sha ba, kuma ba don addini ba. Mahaifinsa leburan gona ne a zamanin da ake biyan wani ɓangare na lada da giya. Da safe a ba ka gwangwani guda, da rana a ƙara, da yamma a ƙara, ran Juma'a a haɗa maka da kwalba. Mutumin da aka saba wa haka ba ya barin gonar, ba ya kuma tambayar ƙarin albashi. Doka ta hana wannan tun 1960 amma aka ci gaba da yi a ɓoye da sarari har shekarun 1990. Ya ce a ajinsa ya koyar da yaran da aka haifa da lahanin barasa tun daga ciki, ƙananan kai, ba sa riƙe karatu, kuma wannan lardin na Western Cape yana cikin wuraren da abin ya fi yawa a duniya. Ya kawo yajin aikin leburorin gona na 2012 da ya faro daga De Doorns, wanda ya sa aka ɗaga mafi ƙarancin ladan yini daga rand 69, kuɗin ƙasar, zuwa 105. Likita, wanda jiya bakinsa bai rufu ba, ya yi shiru yana juya cokali. Tsohon ya dafa shi ya ce, “Ɗana, sha abinka, ni ban ce ka daina ba. Ka dai riƙa tambayar wanda ya tsinko.”

Da yamma muka hau dutsen Paarl inda aka gina hasumiyar tunawa da harshen Afirkans, wanda ya samo asali daga na Turawan Holan, a 1975. Ba ta burge ni ba sosai, sai dai abu ɗaya da na karanta a kai: cikin rubuce-rubucen farko na harshen akwai waɗanda malaman Musulmin Cape suka yi da haruffan Larabci don karantar da almajirai, ajami dai irin namu.

Litinin muka tattara. Hanyar komawa ta bi ta gonar Vergenoegd, inda suke kiwon ɗaruruwan agwagi dogaye masu tafiya a miƙe. Ana buɗe musu ƙofa su fito a guje cikin layi, su bazu cikin inabi suna tsintar dodon koɗi da ƙwari, kashinsu kuma ya zama taki. Na ɗauki bidiyo na tura wa Baffa.

Daga nan tafiyar 'yan mintuna ce zuwa Macassar, kusa da inda kogin Eerste ya faɗa teku. A kan wani tudu hubbaren Shehu Yusuf yake, malamin ɗariƙar Halwatiyya daga tsibirin Sulawesi na Indunisiya wanda ya yaƙi Turawan Holan a Banten da ke tsibirin Java, suka kama shi suka kai shi Silon, wato Sri Lanka ta yau, sannan suka kawo shi nan a 1694 da mabiyansa 49. Sun ajiye shi nesa da gari don kada ya haɗu da bayi, bayin kuma suka riƙa gudowa wajensa. Ya rasu a 1699. Duk hutun Ista Musulmin Cape suna kafa tantuna a gindin tudun su kwana suna zikiri, mun tarar ana ta naɗe tabarmi ana loda tukwane a mota. Na shiga na yi masa addu'a. Matar mutumin Jos ta ciro gyale daga jaka ta yafa ta biyo ni har bakin ƙofa, wata tsohuwa ta kama hannunta ta shigar da ita.

A wurin ajiye motocin ma'aji ta buɗe littafinta ta yi mana lissafi. Aljihun farko ya yi rara, kowa ya sami ɗan canji. Aljihu na biyu ya yi giɓi, suka tsaya suna musun wanda ya ce a je gona ta uku. Ina cikin kallonsu saƙon murya ya shigo daga Hunkuyi. Baffa ya ce ya ga robar ban ruwan, in tambayo masa kuɗinta da inda ake samu a Kano. Agwagin kuwa, ya ce in bar wa Turawa abinsu, shi in ya saki ɗari a gonarsa da safe, kafin magariba unguwa ta ɗauki ƙanshin farfesu.